Yadda za ka zauna a jerin jiran gurbin MBA ba tare da ka ci haƙƙin kowa ba

Tsakanin watan Maris da Yuni, tambayar da ta fi zo mini daga masu neman karatun MBA, wato digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci, ita ce: "Makaranta ɗaya ta ba ni gurbi har na biya kafin alƙalami, wadda na fi so kuma ta ajiye ni a jerin masu jira. In na ci gaba da zama a jerin, na ci amanar ta farkon ke nan?" Na daɗe ina taya matasa duba takardunsu na neman shiga makarantun kasuwanci, kuma amsata ɗaya ce. Zama a jerin ba laifi ba ne, muddin in an kira ka za ka tafi. Inda ake samun cin haƙƙi shi ne a maganar da mutum yake faɗa wa makarantu yana jira, da kuma jan ƙafar da yake yi bayan ya riga ya yanke shawara a ransa.

Sai an san dalilin da ya sa jerin ya wanzu kafin a yi masa hukunci. Kowace makaranta tana da adadin kujerun da take son cikewa. Makarantar kasuwanci ta Harvard tana ɗaukar ɗaliban MBA wajen 900 a shekara, Stanford kuwa 400 da ɗoriya. Ba duk wanda aka ba gurbi ne yake zuwa ba, saboda mutum ɗaya yakan samu a wuri biyu ko uku, kuma babu makarantar da ta san adadin waɗanda za su ƙi tayinta sai lokaci ya yi. Shi ya sa take ajiye wasu a gefe, in aji bai cika ba ta ɗebo daga cikinsu. Wato don amfanin kanta ta buɗe jerin. A yawancin manyan makarantun Amurka ana rufe zagayen farko na neman gurbi a Satumba, a ba da amsa a Disamba. Zagaye na biyu ana rufewa a Janairu, amsa ta fito wajen ƙarshen Maris. Masu zagaye na uku suna yin sa a Afrilu, ko da yake Harvard ta soke nata tun 2018. Wanda aka sa a jerin jira a Disamba zai iya kai wa Yuli bai san matsayinsa ba, alhali makarantar da ta ba shi gurbi kai tsaye tana neman kuɗinsa tun cikin Fabrairu ko Afrilu. Babu mai hankalin da zai ce ya ƙi biya ya zauna tsammanin warabbuka, ya zo ya yi biyu babu.

Kuma makarantar da ka biya wa kafin alƙalami ta san da haka. Ita ma tana da nata jerin, kuma duk wanda ta ɗauko daga cikinsa a watan Yuni, akwai yiwuwar daga wata makarantar ta janye shi. Kuɗin da ka biya, wanda galibi dala dubu ɗaya zuwa 'yan dubbai ne kuma ba a mayarwa, shi ne abin da ka yarda ka rasa in ka fasa. Makarantun koyon likitanci na Amurka ma sun rubuta wannan a ƙa'idarsu ta bai ɗaya: zuwa 30 ga Afrilu ɗalibi ya riƙe gurbi ɗaya tak, amma yana iya ci gaba da zama a jerin jiran wasu. Makarantun kasuwanci ba su da irin wannan ƙa'ida da ta haɗa su duka. Kowacce da nata sharaɗin, don haka nauyin ya dawo kanka.

Fara da karanta abin da ka sa wa hannu

Ka buɗe takardar karɓar gurbi ka karanta ta layi-layi kafin ka biya ko sisi. Abin da kake nema shi ne ko akwai inda ka yi alƙawarin janye sauran takardunka. Wasu makarantu suna da zagayen neman gurbi da wuri wanda yake ɗaure mutum. Makarantar Fuqua ta Jami'ar Duke, alal misali, ta shardanta cewa wanda aka ɗauka a zagayenta na wuri zai biya kafin alƙalami ya kuma janye neman da ya yi a sauran wurare. Columbia ma ta daɗe tana da irin wannan tsari, da kafin alƙalami na dala 6,000, kafin ta sauya salon ɗaukarta. In ta wannan ƙofar ka shiga, magana ta ƙare: ka fita daga kowane jerin jira a ranar da ka amsa. An ba ka fifiko ne saboda wannan alƙawarin, ka kuwa ci moriyarsa. Ban yarda da masu cewa ai ba za a kai ka kotu ba. Ba tsoron kotu ne ya sa ake cika alƙawari ba.

Haka nan ka duba takardar tallafin karatu in an ba ka, da yarjejeniyar wurin aikinka in su ne za su ɗauki nauyinka. Sau da yawa sharaɗin da babu shi a takardar gurbi yana can. In ka ga jimlar da ba ka gane ba, ka rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai ka tambaya a fili. Tambayar ba za ta sa a ƙwace maka gurbi ba.

Tambayar da za ka yi wa kanka

In suka kira ni gobe, ba tare da tallafin ko dala ɗaya ba, zan tafi? Na sa zancen tallafi a ciki da gangan, domin kafin a zo kan masu jira galibi an riga an raba mafi yawan kuɗin. Kuɗin makaranta kaɗai a manyan makarantun Amurka ya haura dala 70,000 a shekara, kuma in aka haɗa da masauki da inshora da sauran buƙatu, shekara biyun sukan wuce dala 200,000. Wanda aka yafe wa rabin kuɗi a wata makaranta ya zauna da alƙalami da takarda tun yanzu ya lissafa ko zai iya barin wannan rangwamen, ya kuma yi shawara da duk wanda abin zai shafa: mata ko miji, iyaye, wanda zai tsaya masa a bashi. Kada ya bari sai waya ta buga sannan ya fara lissafi.

Amsa uku ce take fitowa. In "eh" ce, zauna a jerin da zuciya ɗaya. In "eh, amma sai da tallafin kaza" ce, za ka iya zama, sai dai ka rubuta adadin a gabanka don in aka kira ka ba da amsa cikin kwana ɗaya ko biyu. In kuwa "a'a" ce, ka fita yau.

Wannan ta ukun ita ce mutane suke ƙin faɗa wa kansu. Na sha ganin wanda ya riga ya kama gida a garin makarantar da ta ɗauke shi, ya shiga zauren ɗaliban ajinsa, hankalinsa a kwance, amma ya bar sunansa a jerin manyan makarantu irin su Wharton ko Booth don kawai ya ga ko za su ɗauke shi, ya samu abin faɗi. Na fahimci wannan son, domin mutum ya sha wahalar jarrabawa da rubuce-rubuce da ganawa, yana son a ce masa ya isa. Amma ga abin da yake jawowa. A ƙarshen kaka ta ɗaukar ɗalibai, makaranta takan kira mutum ɗaya ta ba shi 'yan kwanaki ya yi tunani. In ya riƙe kwanakin nan kaf sannan ya ce ya gode, mako ya tafi, sai a kira na gaba. In na gaban ɗan ƙasar waje ne, makon nan ba ƙaramin abu ba ne. Sai makaranta ta fitar masa da takardar I-20, wadda da ita ake neman bizar ɗalibi ta Amurka, ya biya kuɗin SEVIS, wato rajistar ɗaliban ƙasashen waje, dala 350, ya cike fom na biza, ya nemi ranar ganawa a ofishin jakadanci, kuma a wasu ƙasashe ranar nan takan yi nisa ƙwarai.

Akwai wata yarinya da na taya aikin takardunta, ma'aikaciyar banki, mai ƙoƙari sosai. An kira ta daga jerin jira ana dab da ƙarshen Yuli. Ta amsa a ranar, ta biya kuɗi a ranar, ta miƙa takardar barin aiki washegari. Da I-20 ta iso ta shiga shafin neman ranar ganawa, sai ta tarar ranar farko da ke akwai ta faɗo bayan an fara darasi. Ta kwana tana sabunta shafin a wayarta ko wani zai soke tasa, ta rubuta neman a gaggauta mata, ba a dace ba. Makarantar ba ta amince ta ɗaga mata zuwa baɗi ba. Ba zan ce wani ne ya jawo mata ba, amma da kiran ya zo mata mako biyu kafin nan, da labarin ya bambanta. Duk lokacin da wani ya ce mini ai barin sunansa a jeri ba ya cutar da kowa, ita nake tunawa.

Abin da za ka rubuta musu, da wanda ba za ka rubuta ba

Makarantu sun sha bamban a nan. Wasu suna maraba da ƙarin bayani daga masu jira, wasu sun ce kada a aiko da komai sai sun nema. Ka bi abin da taka ta ce. Wanda aka ce kada ya aiko ya dinga aikawa, ya nuna musu ke nan ba ya jin magana, ya kuma nemi fifiko a kan waɗanda suka bi doka.

Inda aka yarda, ka aika da abin da ya faru da gaske tun bayan da ka miƙa takardunka: ƙarin girma a wurin aiki, aikin da ka jagoranta aka kammala, kwas na lissafi ko ƙididdiga da ka yi don toshe rauninka, ko sabon sakamakon jarrabawar neman shiga ta GMAT ko GRE in ya fi na da. Ka tuna sabon tsarin GMAT da aka fara a Nuwamba 2023 makinsa daga 205 zuwa 805 ne, ba daidai yake da tsohon ba, don haka ka dubi kashi nawa cikin ɗari na masu jarrabawar ka fi kafin ka ce ka ci gaba. Ƙarin girman da aka yi maka alƙawari amma takarda ba ta fito ba, ka faɗe shi a matsayin alƙawari. Kada ka kira kanka da muƙamin da ba ka hau ba.

Sai jimlar nan da ta fi kowacce nauyi a wasiƙar mai jira: "In kuka ba ni gurbi zan zo." Makarantu suna son jin ta, domin a wannan lokacin ba sa son su yi tayi a ƙi. Saboda tana da tasiri ne mutane suke rubuta ta ga makaranta uku a mako guda. Ana ce mini ai kowa haka yake yi, kuma jami'an sun san ba a nufin ta. To in haka ne, me ya sa kake rubutawa? Kana rubutawa ne don a yarda da kai. Wuri ɗaya kaɗai za ka faɗa wa wannan magana, kuma sai bayan ka gama lissafin kuɗin da na ambata. In da sharaɗi, ka faɗi sharaɗin: zan zo in na samu tallafi ko rancen da zai ishe ni. Sauran makarantun ka ce musu har yanzu kana sha'awa sosai, ka kawo dalilai na gaskiya, kamar wani darasi ko wani malami ko hanyar aikin da suka yi fice a kai. Wannan ya wadatar, kuma babu ƙarya a ciki.

Ka yi hattara da sa tsofaffin ɗalibai su yi maka magana. In wani da ya san aikinka ya rubuta wa makarantarsa cewa ya tsaya maka kuma za ka zo, sunansa ya jingina. Ka ƙi zuwa, shi ka bari da jin kunya, kuma maganarsa ba za ta ƙara yin nauyi ba ranar da zai tsaya wa wani. Game da gurbin da kake riƙe da shi a wani wuri, ba dole ne ka bayyana ba in ba a tambaye ka ba. In an tambaya ka faɗi gaskiya. Kana iya cewa wa'adin biyan kuɗi na wancan wurin ya matso, ko za su iya ba ka haske kafin ranar. Ƙirƙiro gurbi ko tallafin da babu shi don a matsa musu kuwa ƙarya ce tsagwaronta, kuma makarantu suna da ikon soke gurbin wanda suka kama da bayanin ƙarya.

Kafin alƙalami a wuri biyu

Riƙe gurbi ɗaya kana jira a wani wuri daban yake da biyan kafin alƙalami a makarantu biyu da duk sun ɗauke ka. A na farko kujera ɗaya ka tare, a na biyu kujera biyu, ɗaya daga ciki ka san ba za ka zauna a kanta ba, ga wani can yana jiran ta. Taura biyu ba ta taunuwa. Kuɗin da kake da shi na yin asarar kafin alƙalami bai ba ka wannan haƙƙin ba, hasali ma abin da ya fi damuna ke nan: mai hali ya sayi watanni na tunani, marar hali ya biya da lokacinsa.

Akwai hali ɗaya da nake tausaya wa masu raba ƙafa, wato wanda ya samu gurbi a Amurka da kuma, misali, INSEAD a Faransa ko makarantar kasuwanci ta Landan, yana tsoron a hana shi biza. Tsoronsa na gaskiya ne. Shawarata ita ce ya yi abin a fili. Ya rubuta wa makarantar da ya fi so ya tambayi me suke yi wa wanda aka hana biza, ko suna ɗaga masa gurbi zuwa wata shekara. Ya roƙi ɗayar ta ƙara masa wa'adi, ya faɗi dalili. Ya nemi ranar ganawa da wuri, tunda yanzu ana iya ba da bizar ɗalibi ta Amurka har kwana 365 kafin fara karatu. In duk da haka sai ya riƙe biyun kuma sharuɗɗansu ba su hana ba, to ranar da biza ta fito ya saki ɗaya, kada ya kwana da ita.

Ka sa wa kanka ranar fita

Makaranta tana iya riƙe ka har ana gobe fara karatu. Kai ne za ka yanke wa kanka iyaka. Ka ɗauki ranar fara darasi, wanda a yawancin makarantun Amurka Agusta ne ko Satumba, ka yi lissafi da baya: wa'adin sanarwa da wurin aikinka yake buƙata, lokacin sarrafa rance, neman masauki, makarantar yara in kana da su, da biza. Ka sani cewa bizar ɗalibi tana ɗauke da sunan makaranta, kuma a shigar farko dole sunan ya dace da na I-20 da ke hannunka. In ka riga ka karɓi biza da sunan makaranta ɗaya sannan ka sauya kafin ka tafi, sabuwar biza za ka nema. Ranar da lissafi ya nuna sauyi ba zai yiwu ba bayanta, ita ce ranar fitarka daga jerin. Ka sa ta a kalandar wayarka.

A tsakanin nan akwai mutanen da ba makaranta ba da za ka fara ɗaukar wa alƙawari. Wanda za ku kama ɗaki tare ya cancanci ya san kana jerin jiran wani wuri kafin ya sa hannu a takardar haya ta shekara guda. Na ga an bar mutum da hayar ɗaki biyu a wuyansa a watan Agusta, kuma wannan ya fi asarar da kowace makaranta za ta yi ciwo. Haka kuma kada ka karɓi wani matsayi ko gurbin horon share fage da aka keɓe wa ɗaliban makarantar, alhali kana da niyyar tashi.

In kiran ya zo

Ka nemi tayin a rubuce, da bayanin tallafi in akwai. Ka biya, ka ga shaidar an karɓa, sannan a ranar ka rubuta wa makarantar da za ka bari. Kwana ɗaya da gurabe biyu suka haɗu a hannunka a wannan sauyin ba komai ba ne. Wasiƙar ba ta buƙatar tsawo: ka gode musu, ka ce ka janye daga ajin bana domin ka karɓi gurbi a wani wuri, ka saki duk tallafin da aka ba ka, ka ce ka san ba za a mayar da kafin alƙalami ba. In akwai jami'in da ya yi ɗawainiya da kai, ko ya yi maka ƙoƙari aka ƙara maka tallafi, ka kira shi ko ka rubuta masa daban. Kada ka ƙirƙiro rashin lafiya ko matsalar iyali don a mayar maka da kuɗi. Kada kuma ka nemi a ɗaga maka gurbi zuwa baɗi don ka ajiye shi a matsayin madogara, domin ɗagawa alƙawari ce cewa za ka zo.

Ban ce makarantu ba su da nasu alhakin ba. Da yawansu ba sa gaya wa mai jira matsayinsa a jerin, wasu suna tara mutane fiye da yadda za su taɓa buƙata, sannan su kira mutum a ƙurarren lokaci su ce ya amsa nan da kwana biyu. Kana da damar tambayar ranar da za su rufe jerin, kana da damar neman ƙarin kwana ɗaya ko biyu in da dalili, kuma babu abin jin nauyi in ka ƙi tayin da ya zo a makare ko ya zo babu tallafin da ka ce kana buƙata.

In kuma ranar fitarka ta zo ba a kira ba, ka shiga shafinsu ka janye sunanka da hannunka, ko ka aika musu layi biyu, maimakon ka yi shiru su yi ta lissafi da kai. Wanda yake tunanin sake nema baɗi ya sani cewa takardunsa da wasiƙunsa na bana suna nan a ajiye a wurinsu, kuma shi ma sai ya saki gurbin da yake riƙe da shi tun da wuri in ba zai je ba. Daga nan ka rubuta wa waɗanda suka yi maka wasiƙar shaida ka gaya musu inda za ka, da ranar da za ka fara.